Muhawara: Shin macen da ta zubar da ciki ta yi sallama da haihuwa da kwanciyar hankali ke nan?

Ungozoma, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da ake son a buga a takardar wayar da kai da za a raba wa mata a wuraren awo da makarantun Islamiyya: "Macen da ta zubar da ciki mahaifarta ta lalace, da wuya ta sake haihuwa, tana iya kamuwa da sankarar mama, kuma damuwa ba za ta rabu da ita ba har ta koma ga Allah." Ni na goyi baya a buga ta haka. Duk wanda ya san irin abin da ake kawowa ɗakin mata da tsakar dare, yarinya 'yar shekara 17, zani ya jiƙe sharkaf, ido fari fat, mara na wari, ya san babu ƙarya a ciki. Mai ja ya fito.

Likitan mata, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina da ja. Yarinyar da kika siffanta gaskiya ce, amma takardar ta cusa magana uku a buhu ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta sankarar mama a cire ta kawai. A 2004 mujallar likitoci ta Lancet ta tattaro bincike 53 daga ƙasashe 16, a kan mata kimanin 83,000 masu sankarar, aka ga zubar da ciki ba ya ƙara haɗarinta, ɓari ma haka.

Ta haihuwa ita ce mai bukatar zama. Fitar ciki daga mahaifa shi kaɗai ba ya hana haihuwa. Idan ƙwararre ya yi aikin da kaya masu tsabta a watannin farko, babbar matsala ba ta kai 1 cikin 100 ba. Abin da ke hana haihuwa shi ne ɓarnar da ake yi wajen fitar da shi. Babba a ciki ita ce cuta. An tura abu mai datti ta bakin mahaifa, ko an bar guntun mabiyiya a ciki ya fara ruɓewa, ƙwayoyin cuta su hau har bututun ƙwai guda biyu. Bututun nan, inda ya fi matsewa, faɗin cikinsa bai wuce milimita 1 ba. Mugunya ta taru, ta warke ta bar tabo. In ya toshe gaba ɗaya, ƙwai ba shi da hanya. In rabi ya toshe, maniyyi ya wuce amma ƙwan da ya haɗu ya maƙale, sai ciki ya zauna a bututun, wata rana ya fashe. Binciken da aka daɗe ana yi a Suwidin ya nuna bayan irin wannan ciwon mara karo ɗaya, kimanin mace 1 cikin 10 ke rasa haihuwa, in ya kai karo uku kuwa 4 zuwa 5 cikin 10.

Sai kankare mahaifa da ƙarfe. Shimfiɗar cikin mahaifa hawa biyu ce: ta sama da ke zubewa duk wata, da ta ƙasa da ke sake tofo ta. Mai hannun da bai iya ba yakan kankare har ta ƙasan, bangon gaba da na baya su manne. Alamarsa al'ada ta ragu sosai ko ta ɗauke bayan aikin, ga ciwon mara duk wata. Na uku shi ne huda mahaifa. Mahaifa mai ciki laushi gare ta, ƙarfe na iya ratsa ta ya taɓa hanji, wani lokaci ba a ceto ran sai an cire ta ɗungurungum.

Ungozoma, Tudun Wada: To Dakta, ai ka faɗi maganata da bakinka. Wancan mai tsabtar da kake cewa, ina yake ga yarinyar Rigasa ko Hayin Banki? Doka ba ta yarda ba sai don ceton rai. Saura duk a ɗakin bayan kemis ake yi, ko gidan wata mai magani, ko ta sayi ƙwaya ta kulle kanta a banɗaki. Binciken cibiyar Guttmacher da Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012. Mata kimanin 212,000 aka yi wa jinyar matsalar da ta biyo baya, wasu 285,000 suka samu mummunar matsala ba su ga asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka 3 cikin 4 na zubar da ciki ta hanya mai haɗari ake yin sa. Mu matan Kaduna muke rubuta wa takarda, ba matan Landan ba.

Nas, ɗakin gaggawa: Mama, ki yi haƙuri in sa baki. Lissafinki daidai ne, amma ki duba wa zai karanta takardar. Wadda ke tunanin zubarwa kaɗan ce a cikinsu. Mafi yawa matan aure ne masu zuwa awo, kuma kimanin 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi ɓarewa yake da kansa. Macen da ta yi ɓari bai fita duka ba, wankin ciki za a yi mata, da irin kayan nan dai. In ta karanta cewa taɓa mahaifa yana hana haihuwa, za ta ce a'a, mijinta ya ce a'a, uwar miji ta ce a koma gida a sha jiƙo. Bayan kwana biyar a dawo da ita da zazzaɓi, lokacin cutar ta riga ta hau bututu. Takardar da aka yi don kare haihuwa ita ce za ta jawo rashinta.

Wadda kuma ta riga ta zubar, in an gaya mata komai ya ƙare, me zai kawo ta da wuri? Abin da nake son a buga shi ne alamomin da ba a kwana da su a gida. Jini da ke jiƙa manyan audugar mata 2 cikin awa ɗaya, har awa 2 a jere. Gudajin jini manya da ke ta fita. Zafin jiki da ya kai 38 ko rawar sanyi. Ruwa mai wari. Ciwon mara mai tsanani, musamman gefe ɗaya, ko ciwon da ke harbawa har kafaɗa. Jiri, suma, gumi mai sanyi. Kumburin ciki da amai. Fitsari ya ragu ko ido ya yi rawaya.

In an ga ɗaya daga ciki, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, kar a ɗura mata kunu ko shayi don ana iya shiga da ita tiyata, a nemi mota. A taho da kwalin duk abin da ta sha, da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, da mutum biyu masu iya ba da jini. A nufi inda ake da jini da ɗakin tiyata, irin Barau Dikko, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko babban asibitin Kawo.

Ungozoma, Tudun Wada: 'Yata, alamomin nan a sa su, ban ƙi ba. Amma a sa su a ƙasan gargaɗin, ba a madadinsa ba.

Likitan mata, Unguwar Rimi: Bari in ƙara a kan wankin ciki, don tsoronsa ya fi shi kansa girma. Na yanzu ba kankara ba ne. Sirinji ne na roba mai cin mililita 60, da siririyar roba mai laushi, faɗinta daga milimita 4 zuwa 12 gwargwadon girman mahaifa. A yi allurar kashe zafi a bakin mahaifa, a zuƙe abin da ya rage, yawanci cikin minti 10 zuwa 15 an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a bar kankara da ƙarfe a koma wannan, ko a yi amfani da magani inda ya dace. Kafin a kai nan kuwa akwai jeri: a auna bugun jini, in na sama ya faɗi ƙasa da 90 kuma zuciya na gudu sama da 110 a minti, a sa babbar allura a fara ƙarin ruwa nan take. A ɗebi jini a ga yawansa da rukuninsa. A yi hoton ciki a tabbatar ba a bututu cikin yake ba. In da zazzaɓi, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya sannan a wanke, ba tare da an tsaya jiran zazzaɓin ya sauka ba, don ba zai sauka ba muddin ruɓaɓɓen abu na ciki. In an yi amfani da ƙarfe ko icce a waje, a yi allurar hana sarƙewar haƙora.

Akwai kuma wadda ake yawan mantawa. Macen da rukunin jininta mai alamar ragi ne, wato negetif, akwai allurar anti-D da ake yi mata cikin awa 72, musamman in cikin ya ɗan girma. Masu irin wannan jinin ba su da yawa a ƙasarmu, amma in aka tsallake, jikinta na iya shirya yaƙi da jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba, ta riƙa haifar jarirai da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Sai a ce zubar da ciki ne ya ɓata mata mahaifa, alhali allura ɗaya aka rasa.

Don kar Hajiya ta ce na ɓoye: ko a hannun ƙwararru, maimaitawa na da nata. Rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na 2018 ya samu ƙarin haɗarin haifar bakwaini tun kafin mako 28 ga wadda aka yi wa aikin sau biyu ko fiye. Wannan gaskiya ne, ana iya buga shi.

Mai harhaɗa magunguna, Kasuwar Barci: Dakta ya yi maganar ƙarfe, amma yanzu ƙwaya ce ta fi yawa, kuma matsalarta daban. Tun farko, ba zan rubuta adadi ko yadda ake sha a zauren nan ba, kar wani ya kwafa ya tura. Misoprostol, ƙwayar da nake nufi, magani ne na gaskiya, shi ake tsayar da jinin bayan haihuwa da shi, shi ake ƙarasa ɓarin da bai fita duka ba da shi, ya ceci matan karkara da yawa. Inda yake zama bala'i shi ne in an sha shi a makance.

Mace ta ce cikinta wata biyu ne, alhali ya kai biyar, don ta ɗauki ɗigon jinin da ta gani a matsayin al'ada. Abin da zai fito da jinin da zai biyo baya ba na banɗaki ba ne. In kuma an taɓa yi mata tiyatar haihuwa, ga ciki ya girma, ɗinkin na iya yagewa. Ciki 1 zuwa 2 cikin 100 a wajen mahaifa yake zama, kuma ƙwayar ba ta taɓa shi. Ta ga ɗan jini ta ɗauka an gama, bututu na can yana kumbura. Sannan maganin ba ya son zafi da laima. Wanda aka ɓare daga ledar azurfarsa aka ƙulla a farar leda, ya sha zafin shago wata da watanni, ƙarfinsa ya tafi. Ya taɓa cikin bai fitar ba, ko ya fitar da rabi. In cikin ya ci gaba, akwai ƙarin haɗarin a haifi yaro da nakasa a fuska ko gaɓoɓi.

Wani abin lura: ƙwayar kanta tana sa rawar sanyi da zafin jiki na 'yan awoyi. Zazzaɓin da ya wuce awa 24 bayan shan ta, ko ya taso daga baya, ba nata ba ne, cuta ce. Masu ɗirkar maganin zazzaɓin cizon sauro da yawa kuwa, ko jiƙe-jiƙe masu ƙarfi, ko cusa wani abu mai ƙuna a gaba, su sani kafin abin ya kai ga cikin ya riga ya kai ga zuciya, ido, ƙoda da hanta. Sau da yawa uwar ke tafiya cikin na nan daram.

Malamin fiƙihu, Unguwar Sanusi: Allah ya saka wa kowa. Hajiya, ni da ke muna gefe ɗaya wajen ƙin aikin, amma ban goyi bayan takardar ba. Haramcin bai rataya a kan ko mace za ta sake haihuwa ba. Hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim ya kawo matakan halitta, kwana 40 sau uku, sannan a busa rai. Bayan kwana 120 malamai sun haɗu a kan haramci, sai in ran uwa ne ke cikin haɗari tabbatacce. Kafin nan an yi saɓani. Hanafawa sun sassauta in da uzuri, amma mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani ko kafin kwana 40. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1990 ta yarda a cire kafin kwana 120 in kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani, kuma iyaye suka nema. Wanda ya jawo faɗuwar ɗan tayi da ta'addanci akwai gurra a kansa, wato diyyar ɗan tayi, ushurin diyyar uwa.

Hukunci mai ƙarfi haka ba ya bukatar a tokare shi da abin da likitoci suka ce ba haka yake ba. Yarinya ta ga ƙawarta ta zubar, ta yi aure, ta haihu baɗi, sai ta ce ashe ƙarya malamai da nas-nas ke yi, ta watsar da gaskiyar tare da ƙaryar. Jimlar ƙarshen kuwa ta fi damuna. Wa ya ba mu ikon gaya wa baiwar Allah cewa damuwa ba za ta bar ta ba har mutuwa? Ayar Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mai tuba a buɗe mata ƙofa, a rufa mata asiri.

Ungozoma, Tudun Wada: Allah gafarta Malam, na ji. Amma nadamar nan akwai ta. Mace ta tsufa tana lissafin shekarun da yaron zai kai da yana raye.

Likitan ƙwaƙwalwa, Barnawa: Akwai ta Hajiya, ba mai musu. Tambayar ita ce kowa ce, kuma me ke kawo ta. A Denmak an bi bayanan mata sama da 84,000 da suka zubar da cikin farko-farko, aka buga a 2011. Yawan masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa a watannin da suka gabaci zubarwar da na shekarar da ta biyo baya kusan ɗaya ne. Ma'ana da yawa sun shigo da damuwarsu tun kafin. A shekarar dai, haɗaɗɗiyar majalisar kwalejojin likitoci ta Birtaniya ta duba binciken da ke ƙasa, ta ce cikin da ba a so shi ne ke tafe da haɗarin, ko an haife shi ko an zubar, kuma abin da ya fi nuna wadda za ta shiga matsala shi ne in ta taɓa fama da ita a baya. A Amurka, jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta bi mata kusan 1,000 shekara 5, kimanin 95 cikin 100 na waɗanda suka zubar suka ce har yanzu suna ganin shawarar ta yi musu daidai. Ba duka bincike ne ya tafi haka ba. Na Niyu Zilan da aka buga a 2008 ya samu ƙarin matsalar ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 30 cikin 100. To ko shi bai ce kowace mace ba, bai kuma ce har abada ba.

Ungozoma, Tudun Wada: Dakta, Denmak, Birtaniya, Amurka. Matan da al'ummarsu ba ta ɗauki abin a bakin komai ba. Yarinyar da ta tashi ta san zunubi ne, uwarta ta ja ta da asuba aka kai ta wani ɗaki aka danne ta ba ko allurar kashe zafi, aka ce in ta faɗa wa wani ta kashe gidansu, ita ma 95 cikin 100 ɗin ce?

Likitan ƙwaƙwalwa, Barnawa: A'a, kuma nan kin fi ni gaskiya, ba zan ɗora adadin Amurka a kan Kaduna ba. Amma ki lura, binciken nan su da kansu sun lissafa waɗanda suka fi shiga haɗari, kuma kamar yarinyarki suke siffantawa: wadda aka tilasta wa, wadda take son cikin aka raba ta da shi, wadda imaninta ya saɓa da abin da aka yi, wadda ke ɓoyewa ba ta da mai ji, wadda cikin ya girma har ta ji motsi, ƙaramar yarinya, wadda aka yi wa fyaɗe ko ake duka. Ki ƙara da wadda ta ga mutuwa ido da ido saboda zubar jini. Yawancin waɗannan hannun mutane ne ke ƙulla su, uwa, saurayi, miji, maƙwabta. Shi ya sa nake cewa takardar ta yi magana da su ma.

Sannan a raba nadama da ciwo. Nadama da baƙin ciki na makonni, da kuka in ranar ta zagayo, wannan zuciya ce mai rai. Ciwon damuwa kuwa shi ne a yi mako 2 ko fiye kusan kullum rai a ɓace, ba abin da ke mata daɗi, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya fita kai, ta daina wanka da kitso, ta kasa girki ko karatu, tana jin ita ba komai ba ce. Akwai kuma na firgita: abin na dawo mata a mafarki ko ido biyu, warin asibiti ko kukan jariri ya sa jikinta rawa, ta ƙi zuwa suna, ta ƙi mijinta ya kusance ta. In ya wuce wata guda a haka, a kawo ta. A nan sau da yawa ba za ta ce tana baƙin ciki ba. Za ta ce kanta na zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinta, a yi ta ba ta maganin taifot.

Wadda ta ce gara ta mutu, kar a ce mata ta yi istigfari kawai a tashi. A tambaye ta kai tsaye ko ta yi tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kar a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Shika da ke Zariya a ranar. Magani yana aiki, amma sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauyi, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Masu yankewa da zarar sun warware su ne ke dawowa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani.

Kar kuma a manta da mai ɓari. Wani bincike a Landan da aka buga a 2020 ya samu kusan 3 cikin 10 na matan da suka yi ɓari ko cikin bututu da alamun firgita bayan wata guda, kusan 2 cikin 10 har bayan wata 9. Mu kuwa sai mu ce mata Allah ya kawo mai amfani, shi ke nan, gobe ta koma murhu.

Barista, Malali: Abu biyu daga ɓangaren doka, don tsoron 'yan sanda na cikin abin da ke sa a ɓoye mara lafiya. Dokar Penal Code ta Arewa, da ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya jawo zubewar ciki, sai in an yi da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yadda likita zai yi aikin a inda doka ta yarda. Wannan ɗaya. Na biyu, jinyar macen da ta zo da jini ko zazzaɓi bayan ciki ya fita ba laifi ba ne, ko ta wace hanya ya fita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma wajabta riƙe sirrin mara lafiya. Namijin da ya ba da kuɗi ya nuna hanya ya ɓace, shi ma doka ba ta wanke shi ba.

Nas, ɗakin gaggawa: Barista, a ƙara da na fyaɗe, don a nan ake iya tare abin tun bai zama ciki ba. Akwai cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ɗaya na cikin asibitin Gwamna Awan a Kakuri. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuwa har awa 120, amma gwamma a ranar farko. Iyaye kan ɓata kwanakin nan wajen zaman sulhu da dangin yaron.

Ungozoma, Tudun Wada: To. Sankarar mama a cire. "Har ta koma ga Allah" a cire, Malam ya gamsar da ni. Amma maganar mahaifa ba zan yarda a tausasa ta har ta zama kamar ana cewa ba komai ba. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa zubar da ciki a ɓoye yana kashewa, yana toshe hanyar haihuwa, yana sa a cire mahaifa. Kuma a sa layin iyaye mata masu jan 'ya'yansu don gudun abin kunya.

Likitan mata, Unguwar Rimi: Wannan zan sa hannu a kai Hajiya, in dai layin da ke biye ya ce wadda ta zo asibiti da wuri yawanci tana warkewa ta haihu, kuma wankin ciki bayan ɓari ba ya hana haihuwa. Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba. Ƙwai na iya sauka cikin mako 2 bayan fitar ciki, wani lokaci tun kwana 8 zuwa 10, tun ba ta ga al'ada ba. Wadda ba a yi wa maganar tazara kafin ta bar gado ba, ita ce ke dawowa da irin matsalar bayan wata huɗu da jinin da bai gama dawowa ba. Ƙwaya, allurar wata uku da ashanar hannu duk ana iya farawa a ranar. Robar mahaifa ma haka, sai dai in akwai cuta, to sai an warke.

Malamin fiƙihu, Unguwar Sanusi: Ga matar aure da yardar mijinta, don lafiyarta, ba ni da ja Dakta. Ga budurwa kuwa ban yarda a buga shi a takardar da za ta shiga Islamiyya ba. Abin da za a gaya mata shi ne ta tuba ta kame kanta.

Nas, ɗakin gaggawa: Allah gafarta Malam, to a yi takarda biyu. Ta Islamiyya ta tsaya a gargaɗi da alamomin haɗari da inda za a je. Ta asibiti, wadda za a miƙa wa mace hannu da hannu ranar sallama, ta ɗauki sauran: maganin ƙarin jini na wata 3 ga wadda jininta ya yi ƙasa, kar a kusance ta sai jini ya tsaya, kar ta cusa komai a gaba, ɗigon jini na iya kai mako 2, al'ada na dawowa cikin mako 4 zuwa 6, gwajin fitsari na iya ci gaba da nuna ciki na 'yan makonni ko da an gama. Ta dawo a duba ta bayan mako 2, kuma a wannan zuwan a tambaye ta barcinta da cin abincinta, ba jini kaɗai ba. Mama, in kin amince ni zan rubuto ta asibitin, ke ki rubuto ta Islamiyya, Malam da Dakta su duba kafin a kai wurin bugawa.

Ungozoma, Tudun Wada: Na amince 'yata. Ki rubuta da manyan baƙaƙe, ki kuma bar fili a ƙasa inda za a rubuta mata rukunin jininta da biro.